Abin da Na Gani a Allon Malam Habibu

Yau shekaruna saba'in da ɗaya a duniya, abin da zan rubuta a wannan babi kuwa shekara goma sha biyu ke nan da aukuwarsa. Na san ku 'ya'yana kun tsinci gutsattsarinsa a bakin mutane. Na san an taɓa faɗa wa ɗayanku a wurin wani ɗaurin aure cewa ubanku ya yi wa wani bawan Allah ƙazafi a ƙasar Larabawa, ya dawo gida ya kasa tambayata. Ban yi bayani ba a wancan lokaci domin alkawari ya ɗaure mini baki. A watan jiya mai alkawarin ta aiko mini da kanta cewa ta warware shi, saboda haka zan faɗi yadda abin ya gudana, ba zan rage wa kaina laifi ba, ba kuwa zan ɗauki wanda ba nawa ba.

Bayan na ƙare aikina a ɗakin karatu na jami'a a gida, sai aka ɗauke ni a ɗakin karatu na wata cibiyar ilimi a Doha, wanda yake buɗe ga duk mai katin shiga, ɗalibi ne ko ma'aikaci. Mahaifiyarku ba ta bi ni ba, domin tsohuwarta tana kwance a Zariya, ku kuma karatunku ya yi nisa. Na kama ɗaki a unguwar Al Asmakh, a saman kantin wani mai sayar da tukwane da barguna, cikin tsofaffin gidaje. Ba zan ɓoye muku ba, ban san kaɗaici ba sai a garin nan. Mutumin da ya saba ba ya isa masallaci sai ya gaisa da mutum ashirin, ya wayi gari yana wuni ba wanda ya tambaye shi ina gajiya. Kowa na cikin motarsa, kowa na cikin sanyin na'urarsa. Da la'asar nakan buɗe taga in tsaya ina sauraron harsunan da ban sani ba suna ciniki a ƙasa, har zafi ya kore ni in rufe.

Abu biyu suka riƙe ni. Na farko, kowace Juma'a bayan an sauko mukan taru a gidan Dakta Isiyaku a unguwar Ain Khaled. Shi ne dattijon Hausawan garin, likita ne da ya daɗe a can, gidansa kuwa ba ya rabo da kuka da daddawa da ake ɗauro masa a akwati. Na biyu shi ne Malam Habibu. Bakano ne, yana karatun digiri na uku a kan harkar ruwa, na ba shi shekara goma sha takwas. Shi ke koya wa yaranmu karatun Alƙur'ani ran Asabar a zauren Dakta. Kowace Alhamis da yamma mukan haɗu a Kornish, mu sayi shayi, mu taka a bakin teku har inda ake ɗaure jiragen katako, mu juyo. Da yake ni Bazazzage ne, wasan da ke tsakanin garuruwanmu ya share tazarar shekarun. Da ya hango ni sai ya ɗaga murya.

"Ga bawan Kanawa nan tafe! Malam, wannan babbar riga a zafin nan, naɗin sarauta za a yi maka a cikin teku?"

"Kai dai zo ka riƙe wa ubangidanka takalmi. Ku Kanawa da za a ba ku tekun nan, gobe da safe kun ƙulla shi a leda kuna talla."

Sa'a biyun nan su ne Hausar da nake yi da dariya a mako. Ku riƙe wannan, domin ku san girman abin da na taɓa.

A shekarar ne gardama ta tashi a wurin aikinmu game da na'urorin kwamfuta da jama'a ke amfani da su. Ƙasar da kanta tana toshe shafukan batsa na intanet, amma ba a rasa masu zillewa, saboda haka cibiyar ta sa nata shingen a kan na gwamnati, wanda ni nake ce masa rariya. Aka kafa kwamiti a duba ko a tsananta ta ko a sassauta. Abokiyar aikina Sitt Nawal, 'yar Sudan ce da ta yi karatun aikin a Turai, ta ce a can ana ta muhawara ko ɗakin karatu na jama'a yana da ikon hana baligi ganin abin da doka ba ta hana shi ba. Ta ce ita ba ta neman a buɗe batsa a Doha, amma aikinmu bai ba mu izinin leƙa abin da mai karatu yake dubawa ba, kamar yadda ba ma bin sa gida mu ga shafin da ya tsaya a littafi. Ni kuwa na tsaya kai da fata. Na ce ɗakin karatu zaure ne na kowa, yarinya 'yar makaranta tana zaune kusa da ƙato, abin da ba a buɗewa a zauren gida ba a buɗe shi a nan. Na nemi a tsananta rariyar, a juya allunan na'urorin su fuskanci hanyar wucewa, a kuma riƙa kawo mini takarda duk mako mai ɗauke da lambar katin wanda rariya ta tare da kalmomin da ya rubuta. Da na gama, Sitt Nawal ta dube ni ta saman tabaraunta.

"Ustaz Garba, rariyar nan ba ta san niyya ba, kalma kawai ta sani. Kai ma da ka karanta takardar, kalma za ka gani."

Na ce mata na shekara talatin ina karanta fuskokin masu karatu, ba yau za a koya mini ba. Shugaban kwamitin ya ce halas, wato magana ta ƙare, a yi yadda Ustaz ya ce. Na fita ina jin na tsare wa Musulmi mutuncinsu.

Bayan kamar wata biyu, wata Talata da hantsi, ina ratsa zauren da littattafai a hannu, sai idona ya faɗa kan wani allo. Ƙirjin mace ne a buɗe, ba mayafi ba riga. Kafin in ɗauke kai, mai zaman ya ji motsina, ya rufe shafin da sauri har linzamin na'urar ya faɗi ƙasa. Ya waiwayo. Malam Habibu ne. Muka haɗa ido, ya sunkuyar da kai, ni kuwa na wuce kamar ban ga kome ba. Da takardar mako ta zo na nemi lambar katinsa. Ga ta nan an jera ta layi bayan layi, kalmomin kuwa na sassan jikin mace ne da Turanci, waɗanda har yau ba zan rubuta muku su ba.

Dokar wurin ta ce in kira mai katin a keɓe in yi masa magana, in ya maimaita a dakatar da shi. Ban bi ta ba. Yaya zan zaunar da magidanci, malamin Alƙur'ani, in furta masa kalmomin nan baki da baki? A tarbiyyar da aka yi mana, abu irin wannan ba a tunkarar mai shi. Ana neman babba wanda yake jin nauyinsa, a saka masa magana a kunne, shi kuma ya ja shi gefe ya yi masa nasiha, a rufe. Na ɗauka rufin asiri nake yi masa da ban kai sunansa ofis ba. Ran Laraba na kira mahaifiyarku, na ba ta labarin ba tare da suna ba.

"Malam, ka tambaye shi?"

"Me zan tambaya bayan na gani da idona?"

"Idon nan naka da ya ɗauko buhun gishiri a madadin sukari ran sunan ɗanmu Aminu? Ka dai tambaye shi."

Na ce mata wannan ba maganar mata ba ce. Ta ce to, Allah ya ba da sa'a, ta shiga ba ni labarin awakinta. Ran Juma'a bayan an watse na tsaya, na faɗa wa Dakta Isiyaku abin da na gani. Abin da ban tsaya na auna ba shi ne, uwargidan Dakta goggo ce ga Rabi'atu, matar Malam Habibu. Ashe ke nan surukinsa na kai wa ƙararsa. Dakta ya kira shi. Abin da ya gaya mini daga baya shi ne, Habibu ya durƙusa, bai ɗaga kai ba, bai musa ba, iyakar abin da ya ce shi ne, Allah ya huci zuciyarka Baba, na ji. Dakta ya ɗauki wannan a matsayin amsa laifi, ni ma haka. Ya ce masa ya ɗan huta da karatun yara zuwa wani lokaci. To, a cikin jama'ar da ba ta wuce gida arba'in ba, malami ba ya barin allo ba a tambayi dalili ba. Dakta ya faɗa wa uwargidansa, ita kuwa abin ya shafi 'yar ɗan'uwanta, ta kasa haɗiyewa. Kafin mako biyu ba gidan da maganar ba ta shiga ba.

Alhamis ta zo na tafi Kornish kamar kullum, na sayi shayi kofi biyu, na tsaya a inda muke haɗuwa. Na ce a raina in ya zo zan yi masa wasan da muka saba, ya gane ban yar da shi ba. Bai zo ba. Na taka ni kaɗai har wurin jiragen, masu gudu suna wuce ni, iyalai sun shimfiɗa tabarmi a kan ciyawa, aka kira magariba na yi salla cikin baƙi. Haka na yi Alhamis bakwai. Ran Juma'a yakan zo gidan Dakta ya zauna a bakin ƙofa, ya ci loma biyu ya fita, waɗanda a da suke rige-rigen ba shi wuri suna duban kwanonsu. Ina ganin haka ina ce wa kaina, ɗacin magani ne, zai wuce.

A mako na takwas, ina zaune a teburina da azahar, Sitt Nawal ta leƙo ta ce wata mata tana nemana, da alama 'yar ƙasarku ce. Na fito na tarar da Rabi'atu tsaye cikin baƙar abaya, ita kaɗai, ta rame har na so in kasa gane ta. Ta durƙusa ta gaishe ni a tsakiyar zauren, Larabawa suna kallo. Na kai ta ɗakin taro, na roƙi Sitt Nawal ta zauna tare da mu ko da yake ba ta jin Hausa. Rabi'atu ba ta dube ni ba, bango take kallo, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Baba, bai san na zo ba. Ni ma ba a son raina zan faɗi abin da zan faɗa ba, amma na ga mutumin nan zai mutu a tsaye bai buɗe baki ba. Ciwon daji ne a mamana na hagu. Likita ta ce sai an yanke. Ta ba mu takardu da Turancin asibiti, shi kuwa ruwa ya karanta, ba jikin mutum ba. Na'urarmu ɗaya ce a gida, ba ya so in ga hotunan in tsorata, shi ya sa yake zuwa nan ya duba yadda ake aikin da yadda wurin yake komawa. Rabin abin da ya nema ma na'urarku ta hana shi."

Na ce, "Me ya hana shi gaya wa Dakta? Ai likita ne."

A nan ne ta juyo ta dube ni.

"Baba, kai za ka iya zama gaban surukinka ka yi masa maganar ƙirjin 'yarsa?"

Ta ce ko goggonta ba ta sani ba, domin in ta sani Kano ta sani, mahaifiyarta kuwa hawan jini gare ta. Ta ce kuma ba ta so bayan aikin ta shiga taron suna mata su riƙa satar kallon gabanta suna lissafin wanne ne babu. Da ta fita, Sitt Nawal ba ta tambaye ni abin da aka ce ba. Ta zuba ruwa a kofi ta ajiye a gabana, ta ja ƙofa.

Da yammar nan na je gidansu, shi ma a Al Asmakh yake, layi huɗu tsakaninmu, amma ban taɓa taka shi ba sai ran nan. Ya fito muka tsaya a matakala. Na cire hulata, abin da ban taɓa yi wa na ƙasa da ni ba, na ce na zalunce shi, ya yafe mini.

"Na yafe, Malam. Gaskiya ko da ka tambaye ni ba zan faɗa maka ba. Amma da ka tambaye ni."

Na ce ran Juma'a zan tashi in wanke shi gaban kowa. Ya ce in ina so in yi, in yi, da sharaɗi ɗaya, kada in ambaci ciwon, ko da ishara, ko ga Dakta. Na ce in ban faɗi dalili ba ai ba mai fahimtar yadda na yi kuskuren. Ya ce wannan kuma ya rage nawa, shi dai sirrin ba nasa ba ne balle ya ba ni. Na yi masa alkawari a kan matakalar nan.

Kwana biyu ina juya abin. Na san mutanenmu. In na ce na ga hoto amma na alheri ne, sai an tona har a kai ga matar. Hanya ɗaya ce ke wanke shi sarai, ita ce in ɗauke dattin in aza a kaina. Sunana kuwa shi ne abin da na tara a rayuwa, ban tara gidaje ba, kun sani. Ran Juma'a bayan an janye kwanoni na miƙe tsaye, na ce jama'a, maganar da ta fito daga bakina a kan Malam Habibu ba gaskiya ba ce. Bai aikata abin da na ce ba, na kuwa tabbatar da haka tabbacin da zan iya rantsuwa a kansa. Dakta Isiyaku ya cire tabarau.

"Malam Garba, ka ce mini da idonka ka gani."

"Na faɗa, Dakta."

"To, me ka gani?"

"Ba zan ƙara kome a kan abin da na ce ba."

Wani injiniya daga can gefe, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya yi dariyar da ba ta dariya ba.

"Ikon Allah. Wato dai Baba, furfurar nan duk ta ƙirƙiro labari ce? Gobe kuma wa za a gani?"

Ba wanda ya tsawata masa. Malam Habibu yana bakin ƙofa, kansa a sunkuye. Ran Asabar aka mayar masa da yaransa.

Sauran shekara uku da na yi a Doha, a bakin ƙofar nan na yi su, kafin daga bisani in daina zuwa. Ba wanda ya kore ni. Ana gaishe ni gaisuwar dattijo, amma in na zauna hira takan koma ta ƙwallo da tsadar haya, wanda ke duba wayarsa kuwa ya kife ta. An yi wa Rabi'atu aiki aka ce wa jama'a tiyatar ciki ce, Allah ya ba ta lafiya. Ni da mijinta mukan haɗu a masallaci, ya rusuna ya gaishe ni da ladabi cikakke, irin wanda ake yi wa baƙo. Na fi son zagin wasansa sau dubu. Juma'a nakan dafa shinkafa a ɗakina in ci ina fuskantar bango. Mahaifiyarku ta gane akwai abin da ya faru, domin kiran da nake yi mata ya koma kullum. Ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba, sai dai ta tsawaita labarin awakin har in gaji in yi dariya.

Game da aikin kuwa, na koma gaban kwamitin da ƙafata. Har gobe ina kan ra'ayina cewa ɗakin karatu na jama'a ba wurin buɗe batsa ba ne, ban kuwa ji kunyar wannan ba. Amma na nemi a daina kawo wa kowa takardar nan mai lambobin kati, a kuma keɓe na'ura biyu a lungu, duk baligin da rariya ta tare shi a kan binciken lafiya ya nemi a buɗe masa, a buɗe ba tare da an tambaye shi don me ba. Shugaban ya ce, Ustaz, ba kai ne ka kawo tsarin ba? Na ce ni ne. Ya ce yalla, wato maza, a rubuta. Aka yarda da na farko nan take, na biyun sai da aka shekara ana kai da kawowa.

Wannan shi ne abin da ya faru. Na ga abu da idona, na kai shi inda al'ada ta ce a kai, na tsallake mutum ɗaya tak da ya kamata in fara zuwa wurinsa. Ƙaryar da aka ce na yi kuwa, ban yi ta ran da na kai magana ba, ban kuma yi ta ran da na janye ba, amma na bar mutane su ɗauka na yi, ina sane.

Waɗanda suka shaida al'amarin ga su. Dakta Isiyaku, Allah ya jiƙansa, ya rasu yana zaton ni maƙirƙiri ne, na kuwa yi masa salla daga nesa ban riƙe shi da kome ba. Sitt Nawal ta koma ƙasarsu, tana ɗakin ran da aka yi maganar, ba ta ji kalma ɗaya ba, amma ta ga fuskata. Malam Habibu da Hajiya Rabi'atu suna nan Kano da ransu da jikokinsu. In kuna son tabbaci ku je ku gaishe su. Ita za ta ba ku labarin daga farko har ƙarshe. Shi kuwa kada ku matsa masa, na san har yau ba zai ce kome ba.